Sunan da Abdulghaffar Bai Rubuta Ba

A shekarar 1976, duk wanda ya bi ta bayan wata makarantar sakandare a unguwar Sharafiyya ta Jidda bayan sallar la'asar zai ji ƙarar ƙwallo a kan siminti, da muryar Malam Abdulghaffar tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Salihu, ɗaga hannu. Abdulwahid, koma baya. Bello, wa kake jira? Samari goma sha biyu yake koya wa ƙwallon kwando, amma sunaye goma sha ɗaya ake ji a bakinsa. Na sha biyun shi ne Othman, ɗansa na fari.

A Jidda aka haifi Abdulghaffar, amma mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba. Da ya zauna, sai ya kafa gidansa yadda ya baro na ubansa. A gidan nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama kusa da shi a gaban mutane. Ba don ƙi ba, don kunya ce, kuma kowa a gidan ya san haka. Ga shi kuma yaron sunan kakansa ya ci, sai nauyin ya zama biyu. Saboda haka duk abin da ya shafi Othman, ƙanen Abdulghaffar ne ke tsayawa a kai, wato Rafi'u, mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, nan cikin Jidda. Shi ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya saya masa takalmin wasa. A fili kuwa, in Abdulghaffar yana so ya gyara wa Othman wani abu, sai ya kira Salihu, wanda shi ne kaftin, ya ce ya gaya wa abokinsa ya daina tsalle kafin lokaci.

Samarin sun san malaminsu ya taɓa yin suna, amma a bakin wasu suka ji. An tura shi Masar karatu a 1952, wata kwalejin malamai a Iskandariyya, bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba. A makon farko malamin wasanni ya tarar da shi yana canza ƙwan lantarki a ɗakin kwana ba tare da ya hau kujera ba, ya ce gobe ya zo fili. Kafin shekara ta zagayo, ɗaliban kwalejoji daga Alƙahira har Asyut sun san wanda suke kira Zarafa, wato raƙumin dawa. Sau uku a jere kwalejinsa ta ɗauki kofi. A 1957 gwiwarsa ta dama ta goce a tsakiyar wasa, likita ya ce tafiya dai zai yi, tsalle kam ya ƙare. Ya dawo gida, ya yi aure, ya kama koyarwa. Shi da wasu dattawan unguwa suka zuba simintin filin nan, ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarafuna biyu na kwando. Daga wannan fili ne yawancin masu ƙwallon kwando na unguwar suka fito.

Ranar wata Litinin wani jami'in ilimi, Ustaz Siraj, ya zo kallon horo. Makarantar horar da malaman wasanni ta Riyad ta ba Jidda gurbi uku, shi aka ɗora wa zaɓen. Ya zauna a kan benci da littafinsa har aka tashi. A ranar, Othman ya yi wasa kamar ya san ana kallonsa, ko da yake kullum haka yake yi. Da aka gama, Ustaz Siraj ya roƙi Abdulghaffar ya rubuta masa mutum uku da ya fi amincewa da su, a jere, ya aiko gobe.

Washegari da safe Abdulghaffar ya zauna a ɗakin malamai da alƙalami a hannu. Ya san sunan da ya kamata ya hau layin farko. Ya daɗe yana kallon takardar. Uba ya rubuta ɗansa na fari a saman 'ya'yan mutane, ya sa hannu a ƙasa? Ya tuna mahaifinsa, wanda har ya rasu bai taɓa tambayarsa yadda wasan Masar ya kasance ba, sai dai ya aika Rafi'u ya sayo jarida a ɓoye. Ya gaya wa kansa cewa Ustaz Siraj yana da ido, ya ga abin da kowa ya gani jiya, kuma in da sauran magana Rafi'u zai je ya yi ta, kamar kullum. Sai ya rubuta Salihu, Abdulwahid, Bello, ya naɗe ya aika. Abin da ya manta shi ne Rafi'u ya kai surukarsa ziyara Madina tun ranar Lahadi.

Ranar Alhamis aka liƙa sakamako a allon makaranta. Suna biyu ne kawai, Salihu da wani yaro daga wata makaranta. Da la'asar samari goma sha ɗaya suka zo fili.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matarsa Barakatu ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba yi ba. Ita ma ba ta kiran sunan ɗan nasu. Ta ce wancan ya gaya mata ya sami aiki a wani sito na tayoyi a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu ta bayan gari, gobe Asabar zai fara. Ya ba Salihu rigarsa ta wasa. Ta ce da Larabci ya yi mata maganar, yana kallon ƙasa, ya ce ya ji a ofis cewa ko a na uku Abuya, wato babansa, bai sa shi ba, don haka ya gane matsayinsa, ba zai ƙara ɓata wa kowa lokaci ba.

Abdulghaffar ya ajiye cokali. Bai taɓa kawowa a ransa cewa yaron bai san dalili ba. Amma wa ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa? Shi Abdulghaffar ya taso a tsakanin tsofaffin da suka zo da ƙafa, inda ba a bukatar bayani. Othman kuwa ya taso a tsakanin abokan da iyayensu ke rungume su a bakin fili, ana kiran uba da sunan ɗansa na fari don girmamawa. Shekara shida yaron yana jin ana kiran kowa ban da shi.

Da hantsin Asabar Abdulghaffar ya isa Bab Makka. Rafi'u ya dawo daga Madina jiya, yana kan buɗe shago, yana jera bandir-bandir na yadi. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ajiye almakashi.

"Yaya, ni mai yadi ne," in ji shi. "Na kai shi makaranta, in ya tashi aure ni zan karɓo masa. Amma wa zai tambayi mai yadi wane ne ya iya ƙwallo? Kai aka tambaya."

Abdulghaffar ya ce ya ɗauka mutumin zai gani da idonsa.

"Ya gani mana. Sannan ya ga takardar Zarafa. Kai da kake ganin kwando daga tsakiyar fili, wannan ce ba ka gani ba?"

Bai jira amsa ba, ya ja ƙofar shago rabi, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa, ya ce yalla, su yi maza su tafi, don ya ji ana cewa jakar wasiƙun Riyad da azahar take tashi.

A ofishinsa, Ustaz Siraj ya miƙe tsaye da ya gan su. Ya kira Abdulghaffar da Abu Othman, kamar yadda Larabawan gari suke kiransa, Abdulghaffar ya amsa yana kallon tabarmar ƙasa, kamar yadda ya saba. Aka kawo shayi. Ustaz ya ce shi ma a Masar ya yi karatu, yana cikin 'yan kallo ranar wasan ƙarshe na 1955, har muryarsa ta dishe. Ya ce shi ya sa bai yi gardama da takardar ba. Ya nuna ambulan a kan tebur, an riga an buga jerin sunayen, saura a liƙe.

Rafi'u ya fara magana, ya ce shi baffan yaron ne, ya zo ne ya yi bayani. Ustaz ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce ya yi masa afuwa, a wannan batu maganar mai horarwa ce kawai Riyad za ta karɓa. Ya juya ga Abdulghaffar.

"Na ga yaron ranar Litinin. Na rubuta shi a littafina kafin a yi minti goma. Da takardarka ta zo babu shi, sai na ce mutum kamarka ba zai bar ɗansa ba sai da dalilin da ba ya son faɗa. Ban so in tona maka asiri. Ciwon zuciya ne? Ko wani hali ne da shi?"

"Babu ko ɗaya," in ji Abdulghaffar.

"To mene ne?"

Abdulghaffar ya yi shekara goma sha tara yana koyarwa, bai taɓa rasa yadda zai bayyana abu ba sai ranar. Ya fara daga mahaifinsa da tafiyar shekara bakwai, ya bi a hankali, ya faɗi yadda ake yi da ɗan fari a wurinsu, da dalilin da ya sa baffa yake tsayawa a madadin uba. Ya ce a gida abin yana tafiya daidai, don kowa ya san ma'anarsa. Kuskurensa shi ne ya ɗauko abin gida ya sa a takardar hukuma, inda ba mai karanta abin da ba a rubuta ba.

Ustaz Siraj ya jingina da kujera. Ya ce shekara arba'in yana maƙwabtaka da Takari, 'yan asalin ƙasar Hausa, yana cin abincinsu, yana sallah a sahu ɗaya da su, bai san wannan ba. Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba. Sannan ya ce gurbi na uku yana nan, bai ba kowa ba, niyyarsa ya mayar wa Riyad da shi don bai ga wanda ya kai ba. Abdulghaffar ya tambaya ko shigar da wani zai fitar da wani. Ustaz ya ce ba wanda zai fita. Sai dai yana bukatar takarda da hannun mai horarwa, da cikakken suna, da dalili, kuma a faɗi gaskiya har da aibi. Ya sa takardar kabon tsakanin fararen takardu biyu, ya turo masa, ya miƙa alƙalami.

Rafi'u ya tashi ya koma bakin taga, ya juya baya, wai yana kallon motoci.

Hannun Abdulghaffar ya yi nauyi a harafin farko. Da ya wuce shi, sai sauran suka biyo. Ya rubuta sunan gaba ɗaya, Othman bin Abdulghaffar. Ya rubuta cewa shekara shida yana horar da shi, bai taɓa makara ba. Yana ganin fili duka kafin ƙwallo ya iso hannunsa, kuma in abokinsa ya fi shi kusa da kwando, ba ya rowa. Aibinsa shi ne in ransa ya ɓaci ba ya faɗa, sai ya yi shiru ya daina neman ƙwallo, malamansa su lura da wannan. Ya tsaya, ya ƙara layi ɗaya: a cikin duk waɗanda ya horar bai ga kamarsa ba, kuma ya fi shi kansa lokacin da yake shekarunsa. Ya sa hannu.

Ustaz ya karanta, ya buga hatimi, ya kira magatakarda ya ce a sake buga jerin da suna uku. Suna zaune aka buga, aka liƙe ambulan, masinja ya ɗauka ya fita. Sai a lokacin Abdulghaffar ya lura shayinsa ya huce. Ya shanye shi haka nan, ya ji daɗinsa fiye da kowane shayi da ya sha a makon. Kafaɗunsa suka sauko. Ya yi hamdala a hankali, ya sake yi.

A bakin titi ya miƙa wa Rafi'u kwafin, ya ce ya kai wa yaron. Rafi'u ya sa hannuwansa biyu a aljihu.

"Shagona a buɗe na baro shi, Yaya. Motar Masana'antu ga ta can."

Ya tsallaka titi yana dariya, bai waiwayo ba.

Tafiyar ta yi nisa. Motar ta bar gidaje ta shiga fili mai yashi da dogayen rumfunan kwano. Abdulghaffar ya yi tambaya sau biyu kafin ya sami siton tayoyin. Shugaban leburori wani Bahaushen Sudan ne mai suna Adamu, mutumin Wad Madani, da rawani fari da fensir a bayan kunne. Ya tambayi baƙon wa yake nema. Abdulghaffar ya ce wani dogon yaro da ya fara aiki yau. Adamu ya tambayi sunansa. Abdulghaffar ya ce dogo ne dai, ba zai ɓace masa ba. Adamu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi cikin sito, ya yi murmushi.

"Na fari ne ke nan," in ji shi. "Allah ya raya. Zauna a inuwa, Malam, in turo maka shi."

Othman ya fito da baƙin roba a hannuwa da gaban riga. Ya rage tsawo ya gaishe da mahaifinsa, ya tambaya ko lafiya a gida. Abdulghaffar ya ce lafiya lau. Ya miƙa masa takardar, ya juya yana karanta wani allon gargaɗi da ke jikin bango, duk da layi biyu ne kawai a jikinsa.

Othman ya goge hannu a wando kafin ya buɗe. Ya karanta, ya koma farko. Sannan ya ɗago kai.

"Abuya, rubutunka ne wannan?" Hausarsa tana da nauyin Larabci, amma da ita ya tambaya.

"Ka taɓa ganin Baffanka ya yi layi a miƙe?"

Othman ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Abdulghaffar ya gaya masa, har yanzu yana fuskantar bango, cewa sunansa ya tafi Riyad da azahar, wata mai zuwa za a kira su. Ya ce laifin nasa ne. Akwai abin da ya kamata a bayyana masa tun yana ƙarami, ba a yi ba, Baffansa zai zaunar da shi ya faɗa masa duka. Sannan ya gyara, ya ce a'a, shi zai faɗa masa da kansa, amma ba a tsaye a rana ba.

Othman ya naɗe takardar sau huɗu, ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce ya yi wa Adamu alkawarin sauke motar nan, saura kamar rabi. Abdulghaffar ya ce alkawari dole a cika, zai jira. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya a inuwar rumfa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Adamu ya aiko masa da ruwan sanyi. Daga inda yake yana hango yaron yana cafe taya daga saman mota, yana juyawa, yana mirgina ta ga na gaba ba tare da ya duba ba. Ba kowa a wurin da zai ce Malam yana kallon ɗansa, in ban da Adamu, shi kuwa ya sami abin yi a ɗaya gefen. Abdulghaffar ya kalla son ransa.

Bayan la'asar suka hau motar komawa. Kujera ɗaya ce ta rage mai cin mutum biyu. Othman ya tsaya zai riƙe ƙarfe, mahaifinsa ya matsa jikin taga ya bar masa wuri. Gwiwoyinsu duka huɗu suka tokare kujerar gaba. Da suka yi nisa, Othman ya ce Salihu ya taɓa gaya masa wai a wasan ƙarshe na Masar da karyayyen yatsa Abuya ya gama, ko gaskiya ne.

Abdulghaffar ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, mutane ne ke ƙari. Ya ce amma dai hannun dama ya ƙi aiki tun kafin hutun rabin lokaci, ga shi ana bin su maki tara. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna yadda ya riƙa karɓar ƙwallo yana ba mai tsaronsa baya. Othman ya tambayi tsawon mai tsaron. Abdulghaffar ya ce wani Bagirke ne, gajere amma kamar bango, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunayen sauran huɗun, ya zana filin da yatsa a bayan kujerar gaba. Wani fasinja a bayansu ya matso yana saurare. Ana saura maki biyu a labarin, Othman ya leƙa taga ya ce sun wuce Sharafiyya tun ɗazu.

Abdulghaffar ya duba, ya ga har an fara hango rumfunan Bab Makka. Ya ce ba komai, sa sauka wurin Rafi'u, ai shi ma yana jiran labari. Ya mayar da yatsansa kan filin da ya zana, ya ci gaba daga inda ya tsaya.